Ranar da Aka Kai Hajjo Kallon Birni

Duk garin Ƙarfi an shaidi Hajjo da kunya. In ana koya wa amarya zama da mutane, da ita ake ba da misali, har abin ya fara ba sauran mata haushi. Fulanin gida ce, kakanninta sun daɗe da ajiye sanda sun ɗauki fartanya, Fillancin ma ya tsere musu, amma kunyar ɗan fari ta riƙe ta gam kamar ita kaɗai aka bar wa gadonta. 'Yarta ta fari, Lauratu, tun ranar da aka raɗa mata suna Hajjo ba ta taɓa furta shi ba. "Ke" ce, ko "waccan", in kuma ta kama dole a gaban mutane, "yarinyar gidan nan". Ba ta taɓa yi mata wasa inda ido zai gani ba. Son da take mata kuwa sai Allah ya san iyakarsa, don a gindin murhu kaɗai take sakin jiki da ita, tana koya mata abin da ta iya.

Zamanin nan Nasara ba su zo ba, hari kuma bai ƙare a kudancin ƙasar Katsina ba. Wata kaka, Lauratu na da shekara goma sha uku, ta bi 'yan mata ɗibar auduga a gonar ƙetaren rafi, mahara suka faɗo musu da rana tsaka. Kwandonta kaɗai aka dawo da shi. Mata suka cika gidan suna kururuwa, uwar yarinya kuwa tana zaune da mazarinta tana kaɗi, tana amsa jaje kamar akuya aka sace mata. Aka fita ana cewa, "Kai, Hajjo akwai dauriya, wannan ita ce mace." Ba wanda ya kula cewa zaren da ta kaɗa a shekarar nan duk ƙulli ne, masaƙa ma sun ƙi karɓa.

Shekara tara ta wuce. Mijinta ya rasu, ɗanta Mudi mai bi wa Lauratu ya zama magidanci da jakunansa uku, yana kai auduga Kano bayan kaka. Duk dawowarsa sai ta zauna ta saurari labarin birni daga ƙofa har kasuwa, tana jiran wata magana da ba ta iya tambaya, shi kuma bai ma san ana jira ba. Da ya ce mata bana ta zo ta ga Kano da idonta, ta sayar da zarenta da hannunta, ya zaci sai ya yi lallashi. Kafin ya rufe baki ta fara ɗaure kaya.

Su shida suka tashi, suka bi ta Dayi suka miƙi hanyar Gwarzo. Cikinsu akwai Malam Shitu limamin unguwarsu, zai sayo takarda, da Ɗanjuma wanzami, zai sayo asake. A riƙe mutanen nan biyu da kyau. Malam Shitu shi ya raɗa wa Lauratu suna, Ɗanjuma kuma da askarsa ya yi mata tsagen gidan ubanta, uku-uku a kumatu. A rana ta huɗu da la'asar ganuwa ta bayyana gabansu, Hajjo ta zaci dutse ne. Da suka shiga ta Ƙofar Kabuga ta ga gonaki a cikin ganuwa, sai ta ce, "Ashe su ma noman suke ci." Mudi ya yi dariya har ya kusa sakin igiyar jaki.

Suka sauka wurin Maitama, fatoman da ke saukar da masu auduga, ya ciyar da su, ya nemo musu masu saye. Masaukin baƙi yana tsallaken lungu daga gidansa. Maza suka shimfiɗa tabarmi gindin ceɗiyar tsakar gida, aka ba Hajjo wani ɗan ɗaki mai kallon bishiyar.

Kafin magariba aka turo abinci, tuwon dawa da miyar kuka, abin da ake ganin ya dace da ƙauyawa. Hajjo ta ɗaga faifai, sai hannunta ya tsaya. Malmala uku ce, kowace da gurbi a ka, an danna da gindin ludayi an zuba man shanu a ciki. Haka take yi, haka uwarta ta yi. Gurbin kuma bai zauna tsakiya ba, ya karkata gefe guda, aikin bahaguwa. Sau nawa ta buga wa hannun hagun Lauratu muciya bai ji ba? Ta ɗebo miya a yatsa ta ɗanɗana. Daddawar batso ce, ta 'ya'yan yakuwa, an gasa ta a garwashi har ta kusa ƙonewa, kuma ba kanwa aka sa ba, ruwan tokar karan maiwa ne. A Kanon da ake jibge kanwa a kasuwa, wa zai zauna tace toka in ba wadda aka koya wa tun tana ƙarama ba? Matar da ba ta taɓa cinye abincin gidan wani ba sai ta rage, ranar nan ta cinye malmala uku tas, ta suɗe akushin da yatsa.

Da asuba Mudi ya kora jakuna zuwa unguwar masaƙa, ya ce sai yamma. Da hantsi sauran maza na gindin ceɗiya suna gardama a kan ruwan rijiyar Kano, wai zartsi ne da shi, sai wata baiwa ta shigo ɗauke da ƙwaryar koko, ta lulluɓe kai da tsumman zane. Ba wanda ya ɗaga ido, namiji mai mutunci ba ya kallon baiwar wani. Ta zo ƙofar Hajjo ta durƙusa, ta ba mazan baya, ta sauke ƙwaryar da hannun hagu. Sannan ta ɗago fuska.

Ta yi tsawo, ta rame, ga tabon ƙuna a wuyan hannu. Amma ga tsagen Ɗanjuma nan uku-uku, ga idon ubanta. Ta zuba wa Hajjo ido.

Shari'a a fili take, ko yaro ya san ta: ɗiyar Musulmi ba ta bautuwa. In aka sami shaidu biyu da suka gan ta suka san asalinta, alƙali zai sake ta, mai ita ya tashi a tutar babu. Ga shaidun nan zaune taki goma daga ƙofar ɗakin, ɗaya yana sosa gemu. Abin da ya rage kawai a kira sunan sau ɗaya da ƙarfi, kawuna su juyo. Sunan ya taso wa Hajjo har maƙogwaro, ya tsaya. Shekara ashirin da biyu bai bi ta nan ba, sai yau, a gidan mutane, a gaban liman da mazan garinsu? Ta ja mayafi ta rufe gefen fuska, ta juya wajen bango.

Ta ce, "Ajiye nan."

Yarinyar ba ta tashi ba. Ta gyara zaman ƙwaryar kamar ba ta zaunu ba. Ta cire ludayin, ta mayar. Can daga lungu wata murya ta ƙwala kira, "Arziki! Kin samu wurin zama ne?" Ta miƙe a hankali ta nufi zaure, ta waiwayo sau ɗaya, ta fita.

Kada wani ya zaci Hajjo ta ji ta yi kuskure. Farin ciki ne ya cika ta. A ganinta ta yi daidai, za a bi abin ta hanyarsa, manya su yi magana, ba tare da an koma Ƙarfi ana cewa Hajjo ta ga ɗiyar fari ta manta kanta ba. Sai dai yamma ta yi mata nisa. Ta dubi Malam Shitu ta ƙofar ɗaki, ta shirya maganar a zuci har sau uku, bakinta ya ƙi. Faɗa wa baƙo ya fi sauƙi, baƙuwa mace kuwa ya fi komai.

Sai ga ta kuwa ta shigo, mai muryar ɗazu. Uwa ke nan, yayar Maitama, dillaliya mai shiga gida-gida, ƙatuwar mace mai haƙora jajaye da goro da fure, awarwaro har gwiwar hannu. Ta zo ganin zare ne.

"Sannu Bafillatana, sannu mutanen Katsina. Kin kwana a birni, ba ki ji kin ƙara wayo ba?" Ta zauna tana jan zaren tana dubawa a haske. "Yo wannan ai hannu ne. Ashe a daji ma ana samun masu yatsu."

Hajjo ta yi ƙasa da murya. "Yarinyar nan da ta kawo koko, nan aka haife ta?"

"Arziki? Sayenta aka yi, mu ne hannu na nawa ma, oho. Rashin kunya ta yi miki? In sa a zane ta yanzu."

"A'a, a'a. Na ga kamar ɗiyar wasu mutane ce can garinmu. Ɗiya ce, ba baiwa ba. Wanda ya raɗa mata suna ga shi can zaune, ga kuma wanda ya yi mata tsage."

Uwa ta daina tauna goro. Ta dubi mazan gindin ceɗiya, ta dawo ta dubi Hajjo, goshinta da haɓarta. Dillaliya ce, karatun fuska shi ne sana'arta.

"Kin gaya musu?"

"Ban gaya ma kowa ba. Kin san abin da nauyi."

"Kin kyauta," in ji Uwa. "Wallahi kin kyauta. Haka manya ke yi. Zauna ina zuwa."

Ba a jima ba sai ga Maitama da kansa, farin dattijo mai taushin murya, ya tuɓe takalmi ya tsuguna a ƙofar ɗakin kamar suruki. Ya ce, "Inna, Uwa ta faɗa mini. Inna lillahi! Ɗiya a gidana tana daka tana surfe ban sani ba? Allah ya isa tsakanina da wanda ya sayar mini. Amma ba zan miƙa miki ita da tsumma da warin hayaƙi ba. A yi mata wanka, a yi mata kitso, a sa mata lalle. Da magariba in Mudi ya dawo, a gaban mutanen garinku zan damƙa ta a hannunki. Abu ɗaya nake roƙo, kafin nan kada maganar ta fita. Ki rufa mini asiri, Inna."

Da ya nemi kuɗi ko ya yi musu, da wataƙila ta farga. Amma rufin asiri ya roƙa, abin da ta fi kowa iyawa. Ban da haka ta ci tuwonsa, ta kwana ƙarƙashin rufinsa, a saninta mutum ba ya ciyar da kai ya cuce ka. Ta ce, "Ba mai ji daga bakina."

"Allah ya yi albarka. Uwa, kai Inna ta ga gari, kitso aikin yini ne. Duk abin da idonta ya so, duk abin da bakinta ya so, a kaina."

Haka Hajjo ta bi bayan Uwa ta wuce Malam Shitu da Ɗanjuma, ta rusuna ta gaishe su, suka ce a dawo lafiya.

Kasuwar Kurmi ta kusa ɗauke mata numfashi. Rumfa bayan rumfa, ba ta ga ƙarshensu ba: kantun gishiri an jera kamar turame, goro cikin ganye ana yayyafa masa ruwa, murjani da tsakiya a wurin 'yan koli, takubba, sirada, turaren da ya sa ta atishawa. Wani ya miƙa mata madubi, ta ga wata tsohuwa ta zaro ido, ta mayar masa da sauri. Uwa ta yi ta tallanta ga ƙawayenta. "Ku zo ku ga baƙuwata, daga bayan Gwarzo take, yau ta fara ganin kanta." Aka yi ta shewa. Hajjo ba ta ji haushi ba, yau ko marinta aka yi sai ta yi godiya. Da suka doshi wata rumfa mai tsawo inda mutane ke zaune a ƙasa jere ba mai magana, Uwa ta ja hannunta ta karya kwana. "Can ba abin kallo, zo ki ci abin da ba ki taɓa ci ba."

Aka fara da tsire mai zafi da ƙuli da yaji, har ta yi hawaye. Aka bi da gurasa irin ta Larabawa, ta juya ta gaba da baya tana neman inda ake fara ci, Uwa na riƙe ciki don dariya. Sannan alkaki mai ɗigar zuma, da nakiya, da dabino. Duk abin da aka miƙa mata sai ta gutsuri rabi, ta faki ido ta ƙulle sauran a bakin zane. Uwa ta gani sarai.

"Wa ake ƙulle wa?"

Hajjo ta sunkuyar da kai. "Yara dai."

"Allah sarki," in ji Uwa. "Ƙulla da yawa."

A marinar Ƙofar Mata ta tsaya kallon maza masu shuɗin hannu har kafaɗa suna tsoma zane suna ɗagawa, ya fito kore ya rikiɗe baƙi a gaban idonta. Gefe guda masu bugu na dukan tufa a kan gungume, tim-tim, har yana ƙyalli. Nan ta ba da zarenta duka, aikin damina guda, aka ba ta turkuɗi ɗaya. Ta san an kwashe ta, ba ta damu ba. Ta rungume shi tana auna tsawon yarinyar a zuci, ta ga zai kai mata har idon sawu.

Da aka kira azahar ta ce su koma. Uwa ta ce, "Haba, yanzu ma aka raba kan biyu. Kin san gashin Fulani da cin lokaci." Suka shiga gidan wata ƙawar Uwa suka yi salla, aka kawo funkaso da taushe. Hajjo ta ce ta ƙoshi, aka ce ba a ƙin abincin birni. Ta ci. Da ta miƙe kuma Uwa ta ce, "Wanda ya zo Kano bai hau Dala ba ai bai zo ba. In kin koma me za ki ce kin gani?"

Hajjo mai ƙafar gona ce, ta riga Uwa kaiwa sama. Daga can ta ga birnin gaba ɗaya a shimfiɗe, soraye da kududdufai da itatuwan dabino, ganuwa ta zagaye su ta ɓace cikin nisa. Ta yi salati. Ta tambaya ina gidan Maitama, Uwa ta nuna mata wani wuri da haɓa, ta daɗe tana kallon wurin tana murmushi.

"Juyo nan ki ga abin kallo," in ji Uwa tana haki. "Waccan Ƙofar Mazugal ce. Kin yi sa'a, ayarin Buzaye ne ke fita."

Raƙuma ne a jere, an ɗaure kan wannan da wutsiyar wancan, suna fita ɗaya bayan ɗaya ɗauke da kaya, sun miƙi arewa. Hajjo ba ta taɓa ganin raƙumi fiye da biyu a wuri ɗaya ba. Tafiyarsu ta ba ta dariya, ta ce kamar masu jin kansu. A bayansu akwai wani layi na mutane a ƙasa, daga nan sama ba su fi tururuwa ba.

"Su kuma waɗancan?"

"Masu tafiya ne. Hanyar Agadas, daga can wasu har bakin teku. Wata uku cikin rairayi."

"Wata uku! Da ƙafa?" Tausayi ya kama Hajjo, don mai farin ciki ba ya rowar tausayi. Ta ɗaga hannu. "Allah ya kai su lafiya. Allah ya sa kada su waiwayo da baƙin ciki."

"Amin," in ji Uwa. "Ƙara musu, addu'ar tsofaffi ba ta faɗuwa."

Ta ƙara musu. Suka zauna nan har layin ya shige cikin itatuwa, sannan Uwa ta ce yanzu kam kitso ya ƙare.

Rana na faɗuwa suka iso masauki. Mudi ya dawo, maza sun yi salla sun zauna gindin ceɗiya, ga akusa an jera musu irin waɗanda ba a taɓa kawo wa mai auduga ba. Tuwon shinkafa ne da kaji, mai na yawo a kan miya. Ɗanjuma yana cewa lallai Maitama ɗan halak ne. Hajjo ta shiga ɗaki ta shimfiɗa turkuɗin a kan tabarma, ta kwance bakin zane ta jera alkaki da nakiya da gutsuren gurasa a kan faifai. Sannan ta buɗe nata akushin. Malmala fara sumul, an shafe ta da kyau, babu gurbi.

Ta fito. Uwa na tsaye bakin zaure tana ɓare goro.

"Ina yarinyar?"

"Wace yarinya?"

"Wadda ta kawo koko."

"Baiwar Allah, gidan nan masu kawo koko sun fi goma." Uwa ta ɗaga murya yadda maza za su ji. "Ba ta da suna ne? Faɗi sunanta mana a nemo miki."

Maza suka daina ci. Mudi ya ce, "Inna, lafiya?" Hajjo ta dubi liman, ta dubi wanzami, ta dubi ɗanta. Sai yanzu ta fara ganin abin da aka yini ana yi da ita. Ta buɗe baki ta faɗa.

"Lauratu."

Malam Shitu ya saki lomar da ke hannunsa.

"Babu mai wannan suna a gidan nan," in ji Uwa.

"Arziki. Wadda kuke ce ma Arziki."

"Au, Arziki! Ai da kin ce haka tun ɗazu. Maigida ya rabu da ita da hantsi, ba ta jin magana. Ai kin gan ta. Har addu'a kika yi mata daga kan Dala, sau biyu."

Mudi ya yi tsalle ya nufi gidan Maitama, aka ce maigida ya fita duba gona, ba a san ranar dawowarsa ba. Ya ruga Ƙofar Mazugal, ya tarar an rufe tun faɗuwar rana. Da aka buɗe da safe ya bi sawu har zangon farko, bai sami komai ba sai kashin raƙuma da tokar da ta huce. Malam Shitu ya ja su wurin alƙali. Alƙali ya saurara da kyau, ya tambayi shaidu abu ɗaya: sun ga fuskarta? Malam Shitu mutum ne mai tsoron Allah, ya ce, "Na ga bayan wata baiwa ta durƙusa." Ɗanjuma ya ce shi ko bayan ma bai lura ba. Magana ta ƙare a nan.

A ƙofar gidan alƙali liman ya juyo, idonsa jawur. "Uwar Mudi, taki goma ne tsakaninmu. Ta durƙusa gabanki. Me kika ce mata?"

Hajjo ta ce, "Na ce ta ajiye nan."

Mudi bai yi mata magana ba har Dayi. Turkuɗin yana cikin kayanta, alkakin kuwa ta bar shi kan faifai, tururuwa sun gama da shi tun kafin su ɗaura wa jakuna kaya.

Da suka isa Ƙarfi mata suka taru jin labarin birni, wai da gaske ne ana hawa ɗaki a kan ɗaki? Ba ta ba su labarin komai ba. Amma tun daga ranar sunan ya ƙi komawa. Tana daka tana faɗinsa, tana jan ruwa a rijiya tana faɗinsa, in ta kwashe tuwo sai ta danna gurbi ta tsaya bakin ƙofa ta fuskanci arewa ta ƙwala kira, Lauratu, Lauratu, har maƙwabta su fito su shigar da ita. Da farko an tausaya. Da abin ya daɗe sai aka daina ba da misali da ita in ana yi wa amarya faɗa. Matan da ta daɗe tana ba haushi suka sami abin faɗa a bakin rijiya: kwana biyu kacal Hajjo ta yi a birni, ga shi ta dawo ba kunya, tana kiran sunan ɗiyar fari a gaban kowa.